Tsakanin 75-300 da 55-250, ga wanda zan ce ka saya

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka tambaye ni gilashin kyamara (lens) da za ka saya don ɗaukar hoton tsuntsaye. Tunda kyamarar Canon 700D ce a hannunka, kuma tsakanin EF 75-300mm III da EF-S 55-250mm IS STM kake ta kai-kawo, to ka ɗauki 55-250 ɗin. Duka biyun sun ratsa hannuna. Ɗaya na saye shi na yi da-na-sani, ɗayan kuwa yana cikin jakata har yau.

Na san abin da ke jan ka wajen 75-300, don shi ya ja ni: 300 ta fi 250, ga shi kuma ya fi araha. A kan kyamara irin taka mai ƙaramin sensa ana ninka lambar sau 1.6, sai 300 ta zama kamar 480, 250 kuma kamar 400. To amma duk yadda gilashi ya jawo abu kusa, haka yake jawo rawar hannunka, har numfashinka sai ya girgiza hoton. Shi 75-300 III tun 1999 aka fito da shi, kuma ba shi da IS, wato abin da ke tare wannan rawar. Dole ka kai saurin ɗauka 1/500 na daƙiƙa ko abin da ya fi haka sauri. Da rana tsaka babu damuwa. Sai dai tsuntsu ba da rana tsaka yake kiwo ba, bayan asuba ne da gab da magariba, lokacin da haske ya yi ƙaranci, ga idon gilashin ba ya buɗewa ya wuce f/5.6 a ƙarshen zum. Sai ka koma ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, hoton ya cika da tsakuwa-tsakuwa. Ni abin da ya fi ɓata mini rai da shi balbela ce: duk wadda na ɗauka a rana sai na tarar da zane mai launin shunayya ya zagaye farin gashinta, kuma a 300 hoton dishi-dishi yake fitowa ko da hannu bai motsa ba. Alherinsa ɗaya da zan faɗa shi ne yana hawa kan manyan kyamarori irin 6D da 5D, abin da EF-S ba ya yi.

Shi kuwa 55-250 STM, bari in ba ka labari. Farkon wata damina, da shamuwa ta dawo, na yi sallar asuba na gangara fadamar Kubanni ta bayan dam ɗin jami'ar ABU a nan Zariya. An yi ruwa da dare, wani dattijo ya fara huɗa, shamuwa wajen goma suna bin kunya suna tsintar fara da tsutsa. Na gaishe shi na nemi izini, ya ce bismillah. Na zauna a gindin wata bishiya ban motsa ba kusan rabin awa, har suka saba da ni, ɗaya ta tako ta tsaya kamar taku goma sha biyar daga inda nake. Rana ba ta gama fitowa ba, saurin ɗauka yana kan 1/125, hannu kawai, babu mai ƙafa uku. Da tsohon gilashina ne da hoton ya tafi. Da na isa gida na buɗe shi a kwamfuta, sai ga fuskarta shuɗiya, ga ɗan ja a gaban ido, ga jan gwiwa, ga ɗigon ruwa a bakinta. Na wanke shi na kai wa Hajiyarmu. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce tun tana yarinya take ganin shamuwa na sheƙa a kan tsamiyar ƙofar gidansu, amma ba ta taɓa sanin fuskarta shuɗiya ba ce sai ranar. Hoton yana rataye a ɗakinta yanzu.

Ga shi ba nauyi, giram 375 ne, kana iya hawa dutsen Kufena da shi a wuya ba ka gaji ba. Injin saitinsa, wato STM ɗin da ke daidaita hoto ya fito tas, shiru yake aiki, ba ya gurnanin nan da ke korar kurciya. Kuma yana kama abu daga nisan santimita 85, alhali wancan sai ka ja da baya mita ɗaya da rabi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne in kana son malam-buɗe-littafi a kan fure ko jan gwada a kan katanga. Ratar 250 da 300 kuwa, in ka yanke hoton 55-250 ka ƙara girmansa, sai ka ga ya fi na wancan fitowa tas.

Kada dai ka ɗora masa abin da ba zai iya ba. IS rawar hannunka yake tarewa, ba motsin tsuntsu ba. Shirwa a sama ko cilakowa ta tashi, sai 1/1000 zuwa sama. Ƙananan tsuntsaye a ƙololuwar bishiya kuma 250 ta yi musu kaɗan, sai dai haƙuri da tufafi marasa haske da zama wuri ɗaya. Ran da Allah ya hore kana shirin Yankari ko fadamun Hadejia da Nguru, sai a yi maganar gilashin Sigma 150-600mm, mai nauyin kusan kilo biyu. Yanzu ba lokacinsa ba ne.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Shi 55-250 iri uku ne: na 2007, da IS II na 2011, da STM na 2013. Akwai masu saka hoton STM a intanet, kaya ya iso ka tarar da tsohon ne. Ka karanta rubutun da ke zagaye da bakin gilashin, dole ka ga STM. Ka kuma lura lokacin da yake saiti: tsofaffin bakinsu juyawa yake yi, na STM ba ya juyawa. Kada ka tura kuɗi a kan alkawarin za a sa maka a mota. In na hannu ne, ka je da kyamararka, ka cire murfi gaba da baya, ka haska fitilar waya ta ciki. Ɗan ƙura ba komai ba ne, duk wanda ya sha hunturun Zariya yana da ita. Amma in ka ga abu kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce, ka ajiye musu kayansu ko nawa suka rage, kuma kada ka yarda da "gogewa kawai za a yi". Ka kunna IS ka danna maɓallin ɗauka rabi kana leƙawa, ya kamata hoton ya natsu a idonka. Su kuma dogayen nan masu araha da ake rubuta wa 650-1300mm, ba su da saiti na kansu, ba su da IS, ga duhu. Ko kallonsu kada ka yi.

In ka saya, ka samo roba mai murfi mai kamewa da ƙullin silika mai tsotse danshi ka riƙa ajiye shi ciki, musamman a watan Agusta da ruwa ke kamawa ba ƙaƙƙautawa. Da hunturu kuma kada ka canza gilashi a fili. Sannan kada ka ɗaga shi kusa da bariki ko shingen jami'an tsaro, garin nan namu na sojoji ne, kuma in za ka Kufena ku tafi ku biyu ko uku.

Idan ka samu wanda hankalinka ya kwanta da shi, ka yi mini magana kafin ka biya, in zo da nawa mu gwada su gefe da gefe a kan kyamararka.