Sharhi kan kulocin fanka da na saya wa tsohuwar motata ta GMC mai ɗaki a ciki

Motata GMC ce ƙirar 1976, mai tsawon ƙafa 26 da injin Oldsmobile 455, daga cikin motocin nan masu ɗakin kwana da kicin da kamfanin ya ƙera tsakanin 1973 da 1978. Kulocin fankarta na asali, wato abin da ke haɗa fankar sanyaya injin da wata-famfo idan zafi ya tashi, ya gaji, domin man silikon ɗinsa ya tsiyaye ya bar baƙin maiƙo a jikinsa, kuma idan injin yana kashe na tura fankar da yatsa sai ta yi ta juyawa babu abin da ke riƙe ta. Na ba mai sayarwa shekarar motar da sunan injin, ya tabbatar mini cewa wanda zai aiko shi ne daidai, kuma da ya iso ramukan notinsa sun zauna a kan wata-famfo lafiya lau.

A shimfiɗaɗɗiyar hanya ban ga laifinsa ba. Asirinsa ya tonu ne a wani dogon hawa da tsakar rana, motar ɗauke da kaya da cikakken tankin ruwa, inda allurar zafi ta bar wurin da ta saba tsayawa ta soma hawa a hankali. Na kashe na'urar sanyi, na sauko giya ta biyu, na kasa kunne ina jiran rurin da fanka ke yi idan kuloci ya kama, amma ban ji komai ba sai ƙarar injin da ke wahala. Har hita na buɗe cikin wannan zafi don ta janye wani abu daga ruwan injin, duk da haka allurar ta dangana da ja, dole na sauka gefen hanya. Da na leƙa, ruwa yana ɓararraka a cikin tankin rara, warin ruwan lagireto ya cika wurin, iskar da fankar ke turowa kuwa ba ta fi ta mafici ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, saboda injin mai kusan shekara 50 ba ya jure irin wannan dahuwa, kuma sau ɗaya ya isa gasket ya ƙone.

Makanike ya duba tamostat da fanbel da lagireto ya same su ƙalau, sannan ya nuna mini inda gizo ke saƙar. A fuskar kulocin akwai wani nannaɗaɗɗen ƙarfe da ke jin zafin iskar da ta ratso lagireto, wanda idan ta kai kimanin digiri 77 na Salsiyas yake buɗe bawul, man silikon ya shiga tsakanin faifan ciki ya ja fankar. Irin wanda aka aiko mini na aikin yau da kullum ne, wanda ko ya kama ba ya juya fanka fiye da kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na gudun wata-famfo. Wannan ya ishi motar Toronado, wadda daga gare ta aka ɗauko injin, amma nauyinta bai kai rabin na motata ba, wadda ke haura tan 5 idan an yi mata lodi. Mai sayarwa injin kawai ya duba, bai duba abin da injin ke ja ba, da na nemi mayar masa kuma ya ce ba ya karɓar abin da aka riga aka ɗaura.

Daga wani wuri na sayi na aiki mai tsanani, wanda ke kai kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari, mai kaurin jiki da manyan tsage-tsagen fitar da zafi. Na koma wannan hawan da gangan, kuma allurar tana fara motsi fankar ta ɗauki ruri, na ga zafin yana sauka alhali motar tana tsakiyar hawa. Daɗin da na ji a ranar ba ƙarami ba ne, kuma ta fuskar sanyaya injin ba ni da abin da zan ce sai yabo.

Sai dai zama da shi ya rage mini ɗoki. Rurin da yake yi na minti ɗaya ko biyu da safe ba laifi ba ne, man ne da ya kwanta cikin dare yake komawa ma'ajiyarsa, amma yana kamawa a cikin cunkoso fiye da yadda nake tsammani, kuma da yake injin wannan mota a ƙarƙashin kujerun gaba yake, ƙarar tana shigowa har ta hana hira. Duk lokacin da ya kama ina jin ƙarfin motar ya ragu a totur, fanbel ma sai da aka sake ɗaure shi saboda kukan da ya riƙa yi. Ya kuma fi na asali tsawo, har ratar da ke tsakaninsa da lagireto ta zama abin da nake dubawa kullum, ga nauyinsa da ke rataye a kan boris ɗin wata-famfo.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne babu wata takarda a kwalin da ta faɗi ɓangaren da yake juyawa, alhali injin mai fanbel na da da injin mai bel guda ɗaya mai zagaye komai sau da yawa juyinsu ya saɓa, kuma wanda aka ɗaura a baibai ba zai yi aikin kirki ba. Sai da muka bi lambar jikinsa kafin muka tabbatar. Ga mai hawan duwatsu da lodi, wannan kuloci ya cancanci kuɗinsa, amma wanda yawancin tafiyarsa a kwance take, ina ganin na aiki mai nauyi da ke tsakanin biyun zai fi masa sauƙin zama. Na farkon yana nan cikin kwalinsa, kuma har yau mai sayarwar bai amsa saƙona na ƙarshe ba.