Faifan Pizza Deliverance na 1999 da Waƙar da Ta Tuna Mini da Lagdo

Wani abokin aikina da muke koyar da Turanci tare a nan Garwa, a arewacin Kamaru, ne ya zuba mini wannan faifai a waya a farkon damina, ya ce in gwada in ga ko kunnena zai iya da harshen mutanen jihar Alabama ta Amurka. Sai da na shafe kusan wata biyu ina sauraro kafin na yarda in ce wani abu a kansa, domin a makon farko ban ji komai ba sai hayaniyar jita da muryoyin da suke haɗiye rabin kowace kalma.

Faifan shi ne Pizza Deliverance, na biyu da ƙungiyar Drive-By Truckers ta fitar, a shekarar 1999, bayan Gangstabilly na 1998. Patterson Hood da Mike Cooley ne suka kafa ƙungiyar a 1996 a garin Athens na jihar Jojiya, amma dukansu biyu 'yan yankin Muscle Shoals ne da ke arewacin Alabama, a bakin kogin Tenesi. Hood gadon kiɗa ya yi, domin mahaifinsa David Hood yana cikin makaɗan Muscle Shoals da suka yi suna wajen yi wa manyan mawaƙa kiɗa a ɗakin ɗaukar sauti. Sai dai ɗan bai samu irin wannan ɗaki ba a lokacin. A gidansa aka naɗi faifan cikin kwana biyar, kuma kunne yana shaida haka: ganga tana fitowa a bushe, muryoyi suna karo da juna, babu alamar an zauna an goge wani abu. Da farko na ɗauki wannan a matsayin aibu. Daga baya na fahimci cewa waƙoƙin talakawa ne, kuma tsafta mai yawa da ta raba su da ƙurar da suka fito daga cikinta, kamar yadda kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos ba ya bukatar rakiyar wasu kayan kiɗa kafin ya faɗi halin da karen mota yake ciki.

Kiɗan gauraye ne na salon ƙauyukan jihohin kudu na Amurka da kiɗan jitar lantarki mai ƙarfi. Abin da ya fi kama ni shi ne wata jita da ake shimfiɗawa kamar tebur ana goga mata ƙarfe a kan tsirkiya, wadda kukanta yake ja yana lanƙwasa, har wani lokaci ya yi kama da goge.

Waƙa ta uku, Uncle Frank, wadda Cooley ya rubuta, ita kaɗai ta isa dalilin neman faifan. Labarin wani mutum ne da ya dawo daga ƙetare ya sayi eka 15 na ƙasa mai duwatsu, yana ganin babu wanda zai taɓa yi masa sha'awarta, ya kafa bukkarsa a bakin rafi. Bai iya karatu da rubutu ba, kuma bai taɓa bukatar aikin albashi ba. Sai aka datse ruwa domin samar wa birni wutar lantarki, ruwan ya cinye kwarin, aka tashi mutane da alƙawarin cewa akwai aiki a masana'antar mota a cikin gari. Masana'antar ba ta zo ba, hanyoyin da aka ambata ba a gina ba, kuɗin wuta ya ci gaba da hawa, bakin tafkin kuma ya koma hannun likitoci da lauyoyi da suke kawo 'ya'yansu wasan ruwa. A ƙarshe mutumin ya rataye kansa, kuma bai bar wasiyya a rubuce ba, saboda dalilin da mawaƙin ya riga ya faɗa tun farko: bai iya rubutu ba. Wannan dawowa kan batun rashin karatu ita ce gwanintar waƙar, domin Cooley bai zagi kowa ba, bai ɗaga murya ba, ya dai jera abubuwan da suka faru ya bar mai sauraro da su.

Tushen labarin gaskiya ne. A 1933, zamanin Shugaba Roosevelt, gwamnatin Amurka ta kafa hukumar TVA domin gina madatsun ruwa a kwarin kogin Tenesi, ta kai wuta ƙauyukan da ba su taɓa ganinta ba, ta kuma tashi dubban iyalai daga gonakinsu. Duk mutumin Garwa da ya ji wannan zai tuna da madatsar ruwa ta Lagdo, wadda aka gina a kan kogin Binuwai tsakanin 1977 da 1982 da taimakon ƙasar Sin. Daga can wutarmu take zuwa, kuma tafkin ya jawo masunta daga wurare masu nisa, har da Hausawa, kifinsa kuwa yana cika kasuwanninmu. Amma a ƙarƙashin wannan ruwa akwai ƙasar da wasu suka taɓa nomawa, kuma ban taɓa jin waƙar da aka yi musu ba. Na saurari Uncle Frank wani dare da aka ɗauke wuta, a waya mai sauran caji kaɗan, kuma sai na ji kamar da mu ake.

Adalci ne in ƙara da cewa ƙungiyar ba ta tsaya a gefe ɗaya ba. Jason Isbell, wanda ya shigo cikinsu a 2001, ya rubuta waƙa mai suna TVA da take yabon alherin da hukumar ta kawo wa talakawan yankin, kuma ta fito a wani kundi na 2009.

Waƙar Cooley ta biyu da nake komawa gare ta ita ce One of These Days, inda ɗa yake tuna yadda mahaifinsa ya ƙare rayuwa yana cewa wata rana zai yi kaza, sannan ya lura cewa shi ma hanyar da ya kama ke nan. Wanda ya taɓa jin maganar mahaifinsa ta fito daga bakinsa ba tare da ya yi niyya ba zai gane abin da ake nufi. A wannan faifai, a ganina, alƙalamin Cooley ya fi na Hood nauyi, duk da cewa Hood ne ya rubuta mafi yawan waƙoƙin.

Nan ne kuma matsalar take. Daga cikin waƙoƙi 14, kaso mai yawa barkwanci ne, kuma ba duka ne ya tsufa da kyau ba. Akwai wadda aka yi a kan abin kunyar da ya dabaibaye Shugaba Clinton a 1998, wadda ko sunanta ba zan iya rubutawa a nan ba, kuma dariyarta ta tafi tare da labarin. Zoloft, wadda take tsokanar iyalin da kowa a cikinsu yake shan maganin damuwa, tana ba da dariya sau ɗaya ko biyu, daga nan sai ta gundure. Nine Bullets tana wasa da maganar kisa ta hanyar da ba kowane kunne ne zai ɗauka da wasa ba. Ba faifan da za a kunna a tsakar gida gaban iyaye da yara ba ne, kuma ban ba ɗalibaina shawarar su koyi Turanci da shi ba, ko da ba don batsar ba, saboda lafazin kansa sai an nemi rubutattun baitocin an bi su layi-layi.

Kamfanin New West ya sake fitar da shi a 2005 tare da Gangstabilly, kuma wannan fitowa ce aka fi samu a manhajojin sauraron kiɗa na intanet. Wanda yake son jin ƙungiyar a lokacin da ta nuna sosai, sai ya nemi Southern Rock Opera na 2001 ko Decoration Day na 2003. Da na mayar wa abokin aikina da amsa, na ce masa waƙoƙi biyar na bari a wayata na goge sauran, shi kuma ya ce sai mun je Lagdo tare a hutu mai zuwa mun kunna ta ukun a bakin ruwa.