Shekarata shida da tsohuwar Massey Ferguson 135 a ƙaramar gona

Taraktata ta girme ni da shekara goma sha biyu. A 1968 aka ƙera ta, jan fentinta ya koɗe ya koma kalar bulo, kuma duk wanda ya gan ta a ƙarƙashin rumfa sai ya tambaya, wai wannan tana tashi kuwa? Tana tashi. Shekara shida ke nan ina noma eka tara da ita, don haka ina ganin na isa in faɗi abin da take iyawa da wanda ya fi ƙarfinta.

Massey Ferguson 135 ce, cikin waɗanda aka riƙa ƙerawa a Ingila daga 1964 zuwa 1975. Injinta Perkins ne mai silinda uku, lita biyu da rabi, ƙarfin doki 45 da ɗoriya, dizal yake sha. Giya shida gaba, biyu baya. Babu kwamfuta, babu allon da zai kunna fitila ya ce sai an kira injiniya. Wayoyin wutarta kaf za ka bi su da yatsa cikin minti biyar.

A wajen huɗa ta saye ni. Nauyinta bai wuce tan ɗaya da rabi da wani abu ba, kuma tayoyin baya kaɗai ke ja, a ido dai bai kamata ta ja garma mai baki biyu a ƙasa mai tauri ba. Sirrin yana ga hannayen nan uku na baya da ake ɗaura garma, dabarar Harry Ferguson, injiniyan da taraktar ke ɗauke da sunansa. Ba jan garma take yi kamar jela ba, ɗauke take da ita a jiki. Idan bakin garma ya ci karo da tauri, sai ya tura hannun sama, shi kuma ya taɓa haidirolik, wato na'urar da ke ɗaga kayan aiki da ƙarfin mai, garma ta ɗan ɗago. Nauyinta da na ƙasar da ke kanta sai ya dawo kan tayoyin baya, su ƙara damƙar ƙasa. Kana zaune a kujera kana jin abin a ƙarƙashinka, kamar dabba tana gyara tsayuwa kafin ta yunƙura. Shekarar farko huɗata ba ta kallo ba ce, nan zurfi can sama-sama, ina ta zargin tarakta. Ashe ni ne ban san bambancin liba biyun da ke dama da kujera ba: ɗaya ta zurfin garma ce, ɗaya kuma ta tsayar da kayan aiki a tsayin da kake so.

Haro, yankan ciyawa, jan tirelar taki, duk tana yi ba gardama. Sandar da ke juya kayan aiki a bayanta zagaye 540 take yi a minti, ma'aunin da yawancin ƙananan kayan gona ke bi har yau, shi ya sa sabon injin yankan da na saya ya shiga cif. Mai kuwa, sai in yini ina yanka ban ga ƙasan tanki ba.

Sai dai tsufa ba ya ɓuya. Wata uku da sayenta na zare sandar duba man giya, na ga ya yi fari kamar ruwan farar ƙasa. Robobin da ke gindin sandunan giya sun tsattsage, mai ita na da kuma a fili yake barinta, ruwan sama yana ta tsiyaya ciki. Mai ɗaya ne giya da haidirolik da akasil na baya suke amfani da shi, sai da na juye shi duka. Daga baya birkin hagu ya daina ci, saboda sil ya bushe, mai ya jiƙa takalmin birki. Ranar da na bari dizal ya ƙare mata a tsakiyar gona kuwa laifina ne: iska ta shiga layin mai, na kusa awa ina sassauta notuna ina danna ɗan famfon hannu har kumfa ta daina fitowa. Abin da ya sa ban yi fushi ba, duk gyaran nan da sifana da yammaci ɗaya na gama su, kuma kayan gyaranta har yanzu ana ƙera sababbi. Amma wanda ba ya son baƙin mai a hannunsa, kuɗin da ya rage wajen saye bakanike zai kai wa.

Abu ɗaya ne ba na wasa da shi. An ƙera ta kafin 1970, shekarar da Birtaniya ta wajabta sa kariyar kifewa a sababbin taraktoci, don haka tsirara ta zo mini. Wata rana na so tumɓuke kututture, na ɗaura sarƙa a sama, wajen hannun nan na uku, maimakon ƙasa a sandar ja. Ina sakin kulochi sai na ga hancinta ya nufi sama. Ƙafata ce ta riga tunanina taka kulochi, tayoyin gaba suka dawo ƙasa tim. Na sauko na zauna a kan kututturen, gwiwoyina suna rawa. A makon na sa aka ɗaura mata ƙarfen kariya da bel, kuma tun daga ranar ba na ɗaura komai sama da akasil.

Akwai kuma aikin da na haƙura da shi. Na taɓa gwada mata cebur na gaba. Sitiyarina ba mai haidirolik ba ne, da an ciko cebur sai ya zama kamar kana murɗa itace, baya kuma ya yi sakayau, tayoyi su riƙa juyawa a banza cikin laka. Maƙwabcina yana da sabuwar ƙaramar tarakta mai jan taya huɗu, abin da zan yini ina fama da shi kafin rana ta take ya gama. Wanda aikinsa loda ne, ko gonarsa gangara ce ko caɓi, sabuwar ta fi masa. Tawa shimfiɗaɗɗiya ce, aikina kuma ja ne.

Mai niyyar sayen irinta ya je da sassafe, ya dafa inji ya tabbatar da sanyi yake kafin a tayar, don mai sayarwa yakan ɗumama shi ya ɓoye wahalar tashi. Shuɗin hayaƙin da ya ƙi yankewa, baƙin mai take ƙonawa. A ɗaura mata garma, a ɗaga, a kashe inji, a tsaya a gani: idan ta sauko nan da nan, haidirolik yana yoyo a ciki. Idan kuma mai Multi-Power ce, wato mai ƙarin giyar da ake sauya babban zango da ƙarami tana cikin tafiya, a sani cewa a ƙaramin zango inji ba ya riƙe ta a gangara, sulalewa take yi.

Tawa yanzu kulochi ne ya fara santsi idan tirela ta cika. Sai an raba ta gida biyu kafin a kai gare shi, na riga na sayo faifan, ina jiran in gama kwashe amfanin gona.