Gwajin bayan gida ko leƙen hanji: wanne ya dace da Baba?

Hajiya, kin ce Baba ya cika shekara 63, ƙaninki da ke Faransa ya ba ku labarin gwajin sankarar hanji da ake yi a gida, shi kuwa Baba ya ce ba mai sa masa na'ura a ciki. Kina tambaya ko gwajin gidan zai wadatar.

Gwajin gida, wanda likitoci ke kira FIT, jinin da ido ba ya gani yake nema a cikin bayan gida. Ƴar kwalba ce kamar ɗan yatsa, da tsinke a jikin murfinta. A dangwali bayan gidan da tsinken, a mayar, a rufe, a kai labo, wato ɗakin gwaje-gwaje. Ba azumi, ba barin cin nama, ba ciwo. A Faransa ƴan shekara 50 zuwa 74 ke yin sa duk bayan shekara 2, Amurka kuma daga 45 suke farawa. Amma a nan Damagaram sai an kula da abu biyu. Wanda ke da masai na rami sai ya tari bayan gidan a fo mai tsabta, kada fitsari ko ruwan buta ya taɓa shi. Sannan zafi yana lalata jinin da ke cikin kwalbar. In aka bar ta ta wuni a aljihun ɗan kabu-kabu cikin ranar Afrilu, sakamako na iya fitowa lafiya alhali ba lafiya ba. Kuma kada ki ɗauka ɗaya ne da gwajin kashi da muka saba yi na tsutsar ciki da atini, kowanne da abin da yake nema.

Leƙen hanji, wato kolonoskofi, ya fi wahala, ba zan ɓoye miki ba. Jajibirin ranar mutum zai sha maganin wanke ciki, ya yi ta zarya bayi. Sai likita ya shigar da siririyar roba mai kyamara ta dubura, galibi bayan allurar da ke sa gyangyaɗi. Ya fi tsada nesa. Sai dai yana yin abin da kwalba ba ta iyawa: yana ganin ɗan tsiron da ke fitowa a bangon babban hanji, ya cire shi nan take. Irin wannan tsiro kan ɗauki kusan shekara 10 kafin ya rikiɗe ya zama sankara, shi ya sa in an leƙa ba a ga komai ba ake ba mutum shekara 10 kafin ya koma.

Kwalba ba ta cewa akwai sankara, cewa take akwai jini. In ta nuna jini, ƙarshenta dai leƙen nan ne, don haka a sanar da Baba wannan tun kafin ya yi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne inda kika ce ƙalau yake, sai ɗan basir da ke sa shi ganin jini jefi-jefi. Hajiya, gwajin gida an yi shi ne don mai lafiya wanda bai ga komai ba. Wanda ya riga ya ga jini da idonsa, ko yana ramewa, ko gudawa da taurin ciki suna masa karɓa-karɓa makonni, ko yana da ƙarancin jini ba dalili, likita zai gani kai tsaye. Na ga dattijon da ya shekara yana shan jiƙon basir, da aka kai shi asibiti abin ya riga ya yi nisa, har yau ina jin zafin wannan.

Ku kai Baba babban asibitin Damagaram cikin makon nan, ku faɗa wa likita tun yaushe jinin ya fara, ja ne ko baƙi, da ko wani a dangi ya taɓa yin ciwon hanji. In kunyarki yake ji, yayanki namiji ya raka shi. Allah ya ba Baba lafiya.