Yadda harkar waya take a Jidda

Salamu alaikum Yaya, ina gajiya, ya Inna da sauran mutanen gida. Ka ce in gaya maka yadda harkar waya take nan tunda kana shawarar buɗe shagon POS da caji a Tudun Wada, to ga abin da idona ya gani.

Nan Saudiyya wallahi waya ita ce mutum. Layi ma ba a ba ka sai ka kawo iƙama, wato katin zama ƙasa, ko fasfo ka dangwala yatsa, ko STC ne ko Mobily ko Zain duk tsarin guda ne, kaman yadda anka tilasta muna haɗa layi da NIN a gida. Daga nan komi naka ya koma cikin waya, iƙamarka na cikin manhajar gwamnati ta Absher, albashi ta banki yake faɗowa, ko ruwan gora zaka saye a kanti sai dai ka ɗora katin banki na mada ko wayar kan na'ura ta yi ƙara shikenan ka wuce, babu jiran alat babu mai shago ya riƙe ka wai kuɗi basu shigo ba. Shiga Rauda a Madina sai ka kama lokaci ta manhajar Nusuk, tikitin jirgin ƙasan Haramain da ya fara aiki 2018 shima kana kwance ɗaki kake yanka shi. Dattawan da ke zuwa umara basu iya latsa waya ba suna shan wahala sosai, na ga wani tsoho daga wajen Ƙaura tsaye bakin masallaci yana miƙa ma yara wayarshi su duba mashi izinin, abin ya taɓa min rai don sai na tuna Baba.

Amma kar ka ɗauka arha ce, data nan ta fi ta gida tsada nesa ba kusa ba in ka juya riyal zuwa naira, ko bayan ƙarin kashi 50 da anka yi ma kuɗin kira da data a gida a 2025. Abin da suka fi mu shine wuta bata ɗaukewa kuma sabis baya yankewa, don haka babu mai sana'ar caji nan kwata kwata, wa zai biya ka? Sannan babu hutu, shugaban aikinmu ƙarfe goma na dare zai turo saƙo a guruf ɗin WhatsApp kuma yana ganin ka buɗe, ba ka da bakin cewa ba sabis.

Ni abin da ke cin raina, ka tuna Satumban 2021 da anka kashe sabis a Zamfara gaba ɗaya saboda ɓarayin daji, mutane na hawa mota har Funtuwa don su kira 'yan uwa ko su tura kuɗi kawai. Ka tuna farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, ga kuɗinka cikin asusu amma taransifa ta maƙale. Mutanenmu sun iya waya Yaya, matan aure na saida atamfa da turaren wuta ta sitatus daga cikin ɗaki, yara na koyon gyaran waya a YouTube, wuta da sabis da zasu riƙe su ne babu.

Don haka ka buɗe shagon, ina bayanka. Amma ka bar zancen babbar waya da ka ce in aiko, kuɗin su tafi ga sola da batir mai kyau, ka riƙe na'urar POS biyu na kamfani daban daban da layi biyu, in ɗaya ya tsaya ɗaya na aiki. Ka tambayo farashin a kasuwa ka turo min da murya, ƙarshen wata in albashi ya shigo in sha Allahu zan turo rabi.