Jamestown ko Osu: wace unguwa za ka fara zuwa a bakin tekun Akra?

Malam, ka ce yini ɗaya rak kake da shi a Akra, kana son ganin tarihi da yadda mutanen bakin teku ke zaune, kana tambaya ko Jamestown za ka nufa ko Osu. Jamestown za ka je, da sassafe, kuma kada ya zama ranar Talata. Ga dalili.

Duka biyun unguwannin ƙabilar Ga ne, tazararsu 'yan kilomita kaɗan, kuma kowacce ta girma ne a gindin gidan tsaron Turawa masu cinikin zinariya da bayi. A Jamestown akwai James Fort da Ingilishi suka gina a 1673, kusa da shi kuma Ussher Fort na mutanen Holan, tun 1649. A Osu akwai Christiansborg na mutanen Danmak, wanda suka sayar wa Ingila a 1850. Bayan an maido da babban birni daga Cape Coast zuwa Akra a 1877, sai kowacce ta kama hanyarta: Osu ta samu gwamnati, Jamestown ta samu tashar jiragen ruwa.

Tashar ba ta da zurfi. Manyan jirage can nesa suke tsayawa, sai a riƙa kai musu buhunan koko a cikin kwale-kwale. Da aka buɗe tashar Tema a 1962, ciniki ya tashi ya bar Jamestown da tsofaffin gidajen kamfanoni da cunkoson jama'a. Osu kuwa ta riƙe fadar gwamnati a Christiansborg har 2013, ma'aikata da masu kuɗi suka yi ta shigowa, titin da ake kira Oxford Street ya cika da bankuna da gidajen abinci. Akwai masunta a Osu har yau, amma an ture su gefe, sai ka neme su.

A Jamestown ba sai ka nema ba. Ka sauka ƙasan hasumiyar fitilar jiragen ruwa, mai ja da fari, da misalin ƙarfe shida zuwa takwas na safe, lokacin da kwale-kwale ke dawowa. Gindin kowane kwale-kwale daga kututturen itacen wawa guda ɗaya ake sassaƙa shi, a ƙara katako a gefe, a ɗaura inji a baya. Maza ne ke shiga ruwa, amma ciniki a hannun mata yake: su ke saye a bakin ruwa, su ƙyafe, su kai kasuwa, sau da yawa ma su ke ba da bashin man inji a biya su da kifi. Murhun ƙyafewar da za ka gani, mai tire-tiren waya da ake jerawa bisa juna, sunansa Chorkor, sunan unguwar masunta da ke yamma da nan. Kifi ya fi yawa daga Yuli zuwa Satumba. Ranar Talata al'ada ta hana shiga teku, don haka gyaran raga kawai za ka tarar.

Cikin unguwar akwai Bukom, matattarar 'yan damben zamani, yankin da Azumah Nelson da Ike Quartey suka fito. Akwai James Fort, inda aka tsare Kwame Nkrumah daga 1950 zuwa 1951. Abin da zai fi jan hankalin Bahaushe kuma shi ne kasuwar Salaga, wadda ta ci sunan garin Salaga na fataken goro, da kuma Brazil House, gidan mutanen Tabom da suka dawo daga bauta a Brazil wajen 1836, da yawansu Musulmi.

Tarihin Osu ba ƙarami ba ne, sai dai na masu mulki ne. A 1693 Asameni na masarautar Akwamu ya shiga Christiansborg da sunan ciniki ya ƙwace shi. A 1854 Ingilishi suka yi wa garin ruwan wuta saboda ƙin biyan haraji. Ranar 28 ga Fabrairun 1948 kuma aka harbe tsofaffin sojoji uku a mararrabar da ke kan hanyar fadar, abin da ya tayar da tarzomar Akra. Matsalar ita ce kusan duk wannan a cikin gini guda yake, kuma ba kullum ake barin shiga ba, sai ka bincika kafin ka tashi.

Abu biyu ne ke jawo wa baƙo rigima. Na farko hoto: kada ka ɗaga waya kan masunta ko mata masu ƙyafe kifi ba tare da sallama da neman izini ba, kuma ka gama ciniki da ɗan rakiya kafin ku fara tafiya. Na biyu, kafin Homowo, bikin girbi na mutanen Ga, ana hana kiɗa da hayaniya na wata guda, yawanci daga watan Mayu, dokar kuma ta shafi har lasifikar da ke wajen masallatai da coci-coci. Bikin kansa a Agusta yake, ana yayyafa kpokpoi, wato turararren garin masara da manja.

In ka gama da Jamestown kafin Azahar, ka bi titin bakin teku ta dandalin Black Star, ka ƙarasa Osu da yamma, ka ci dokunu da soyayyen kifi da shito, wato miyar barkono, a kasuwar dare.