Neman likitan damuwa mai jin Rashanci a Jamus: wanda na zaɓa da waɗanda suka wanke mu

Za a ce me ya haɗa Bahaushe da wannan zance. Karatu ne ya kai ni Kharkiv, can na yi aure, kuma matata da Rashanci ta buɗe baki, kamar yawancin mutanen garin. Bayan 24 ga Fabrairun 2022, ranar da Rasha ta afka wa Yukiren da yaƙi, muka tsinci kanmu a Balin, ni da ita da surukata. Mutanenmu da suka auro daga can ba kaɗan ba ne tun zamanin Tarayyar Sobiyet, kuma ganin tambayar inda ake samun likitan damuwa mai jin Rashanci ta yi mini yawa a waya na ce bari in rubuta sau ɗaya in huta.

Ba ƙarar bam ce ta hana matata barci ba. Harshen da uwarta ta rarrashe ta da shi a zanin goyo shi ne harshen masu yi wa garinsu luguden wuta. A cikin jirgin ƙasa sai ta riƙa yin ƙasa da murya, don ɗan Yukiren na iya harararta, Bajamushe kuma ya ɗauke ta 'yar Rasha. Maƙwabcinmu ya girme ta a wannan ciwo. Yana cikin Jamusawan Rasha, zuriyar waɗanda Sarauniya Katarina ta gayyato a 1763 suka zauna bakin kogin Bolga, Stalin ya kwashe su zuwa Kazakistan da Saiberiya a 1941, daga baya fiye da miliyan 2 suka dawo Jamus. Ya ce mini a can Jamusawa ake kiran su, a nan kuma Rashawa. Jemage ke nan, tsuntsaye sun ce ba nasu ba ne, dabbobi ma sun ce ba nasu ba. Mai irin wannan ciwo ba kowane likita zai kai wa ba.

Zaɓina, kuma ba na ɓoyewa, shi ne likitan magana mai lasisin Jamus, wanda Rashanci harshensa ne, yana kuma karɓar inshorar lafiya ta gwamnati. Kalmar da za ka riƙe ita ce Approbation, wato takardar lasisin da hukuma ke bayarwa. Tun 1999 doka ta killace sunan Psychotherapeut, ba mai ɗaukar sa sai wanda ya yi digiri da horon da doka ta tsara, hukuma ta ba shi wannan takarda. Yana da ƙungiyar da ke sa masa ido, in ya yi ba daidai ba akwai inda za ka kai ƙara. Inshora na biyan hanyoyin jiyya huɗu, amma kada wannan ya ɗaure maka kai da farko. Kowane zama minti 50 ne, gajeriyar jiyya na kaiwa zama 24, kafin nan kuma akwai zaman gwaji 2 zuwa 4 da za ku auna ko jininku ya haɗu. In bai haɗu ba ka tashi, ba wanda zai riƙe maka riga. 'Yan Yukiren da suka zo gudun hijira a lokacinmu sun shiga wannan inshora daga 1 ga Yunin 2022, don haka matata ba ta biya ko kwabo ba.

Abin da ya fi burge ni ba kuɗin ba ne. Likitar da muka samu ita ma baƙuwa ce, ta zo Jamus tana budurwa, ta sha layin ofishin baƙi, ta san yadda takardar Jobcenter, ofishin tallafin marasa aiki, ke tsinka wa mutum zuciya tun kafin ya buɗe ambulan. Da matata ta ce "toska" ba ta nemi fassara ba. Kalmar ta fi kewa nauyi, ta fi baƙin ciki faɗi, wani ƙunci ne da ba ka san inda za ka nuna da yatsa ba. Ka yi tunanin bayyana wa Bature ma'anar kunya ko kara kana cikin kuka. Sannan likitar na nan garin: in abu ya ɓaci da dare ta san asibitin da za a je, in ana buƙatar magani ta san likitan ƙwaƙwalwar da za ta tura ka, don ita ba ta rubuta magani.

Aibinsa ɗaya ne, kuma babba: jira. Ko Bajamushe kan yi wata biyar kafin ya samu gurbi, balle kai da ka ƙara sharaɗin harshe. Lambar waya 116117, ta neman ganin likita, za ta nemo maka ganawar farko cikin mako huɗu, amma ba ta yi maka alkawarin mai jin Rashanci ba. Abin da muka yi shi ne shiga shafin neman likita na Kassenärztliche Vereinigung, ƙungiyar likitocin da ke karɓar inshorar gwamnati, muka tace da harshe, muka bi su ɗaya bayan ɗaya a 'yan mintocin da suke ɗaga waya. Ka sayi littafi ka riƙa rubuta suna da rana da amsar da aka ba ka. In an yi ta cewa babu gurbi, da wannan littafi za ka nemi inshora ta biya maka likita mai Approbation da ba ya cikin tsarinta. Suna yawan ƙi, kuma sai ka nema kafin a fara jiyya, ba bayan an fara ba. Mai hali ya biya da kansa, wajen Yuro 100 ko fiye kowane zama.

Tambaya ɗaya ka yi a zaman gwaji, ko da za ka ji nauyi: yaya kike aiki da wanda ra'ayinku kan yaƙin ya saɓa? Rashanci ɗaya ne, amma masu jin sa sun rabu, har a cikin gida guda. Ba ra'ayinta kake nema ba, so kake ka ga ko za ta iya ajiye shi a bakin ƙofa. Wata da muka fara gani ta ɓata rabin lokacin tana bayyana mana wanda ya fara tsokana. Ba mu koma ba.

Akwai wasu hanyoyin, kowace da nata. Likita Bajamushe da tafinta: inshora galibi ba ta biyan tafinta, kuma sirrin da ya ratsa baki uku ya zama hira. Cibiyoyin taimakon 'yan gudun hijira irin Zentrum Überleben a Balin sun ƙware a kan wanda yaƙi ko azabtarwa ya taɓa, su ma da nasu layin. Ofisoshin ba baƙi shawara na Caritas da Diakonie, ƙungiyoyin agaji na coci, kyauta ne, suna warware matsalar takardu, wadda wani lokaci ita ce rabin ciwon, amma ba jiyya suke yi ba. Telefon Doweria layin waya ne na Rashanci, dare da rana, ba a tambayar sunanka. Na tsakar dare ne in ƙirji ya cika, ba na dogon zango ba.

Likita ta intanet daga Rasha ko Jojiya ko Sabiya ya fi araha, ba jira, akwai kuma na ƙwarai a cikinsu. Sai dai tun Maris 2022 Visa da Mastercard suka fice daga Rasha, biyan kuɗi ya zama zagaye-zagaye, kuma a watan ne aka yi dokar da za ta iya ɗaure mutum har shekara 15 kan abin da aka kira labarin ƙarya game da soja. Wanda ke zaune a Mosko zai saki jiki ku yi zancen Kharkiv? Takardarsa ma ba ta da amfani a ofishin Jamus.

Yanzu ga inda maciji ya sare ni, shi ya sa ko tsumma na gani nake tsalle.

A wata na uku na jira haƙurina ya ƙare. Matata ta ga wata mata a Instagram, fes da ita, ofis mai furanni, bango cike da takardun shaida, tana cewa ita ma ta yi hijira ta "sake haifar kanta". Zaman farko kyauta. A na biyu aka ce ciwon daga kakanni ne, sai an shiga shiri na mako takwas, a biya gaba ɗaya, kuma farashin zai tashi ranar Juma'a. Na biya, kuɗin da na tara don zuwa gida ganin tsohuwa. Abin da muka samu rukunin Telegram ne mai cike da mata, da saƙon murya kowace safiya. Da matata ta ce jikinta ya ƙara tsanani, aka ce ita ce ke toshe hanyar warakarta, akwai mataki na biyu, da nasa kuɗin. Da na tambayi lasisi, aka cire mu daga rukunin. Na yi cinikin biri a sama, ni da na yi digiri biyu.

Ka sani cewa a Jamus kowa na iya kiran kansa Coach ko Berater, wato mai ba da shawara, gobe da safe, doka ba ta hana ba. Akwai kuma Heilpraktiker für Psychotherapie, wanda halal ne a doka, amma jarrabawa ce ta ofishin lafiya ba tare da sharaɗin digiri ba, inshorar gwamnati kuma ba ta biyan sa. Wasunsu masu gaskiya ne. Amma dubi yadda sunan ya yi kama da na farko, kuma da Rashanci duk "psikholog" suke rubutawa a talla. Nan ake yi wa mutane wankin. Digirin Rasha ko Yukiren ma, ko na gaske ne, ba ya zama Approbation da kansa.

Su kansu Rashawa sun san wannan sana'a. Elena Blinovskaya, mai "gudun fanfalaƙin buri" da ta tara dukiya da sayar wa mata saƙonnin murya, an kama ta a Afrilun 2023, kuma kan kuɗin haraji ne, ba kan abin da ta sayar ba. Abin ya daɗe: a 1989 Kashpirovsky na warkar da jama'a ta talabijin, Chumak kuma na yi wa ruwa tofi daga cikin akwatin. Surukata ta amsa da bakinta cewa ta jera kwalabe a gaban talabijin ɗinta. Na ce, "Mama, ashe ku ma kuna da 'yan tsibbu." Ba ta yi dariya ba.

Alamominsu ba sa canzawa. Duk wanda ya yi alkawarin waraka cikin kwana kaza, gudu. Wanda ya ce a biya dunƙule tun kafin a fara, ko a tura kuɗi katin wani ɗan'uwansa ba rasit, gudu. Wanda ya ce a bar maganin da likita ya rubuta, wannan ba ɗan damfara ba ne kawai, mai kisa ne. Wanda ke lika hirar majinyatansa a shafinsa don talla, gobe taka zai lika. Wanda shafinsa ba adireshi ba cikakken suna, alhali dokar Jamus ta wajabta wa mai sana'a ya sa, me yake ɓoyewa? Ka tambaye shi kai tsaye: kana da Approbation, kuma wace ƙungiyar likitoci kake ciki? Mai ita zai amsa cikin numfashi ɗaya. Marar ita zai fara ba ka labarin yadda tsarin Jamus bai fahimci ruhin ɗan Rasha ba.

Ita surukata har yau ta ƙi zuwa ko'ina, kuma ban ga laifinta ba. Ta girma a lokacin da shiga rajistar asibitin ƙwaƙwalwa ke iya hana mutum aiki da lasisin tuƙi, lokacin da ake kulle masu sukar gwamnati da sunan taɓin hankali, har Sobiyet ta fice daga ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta duniya a 1983 kafin a kore ta. A wurinta damuwa a kicin ake faɗin ta, da shayi, ga aminiya. Kamar mu da muke cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na nuna mata cewa a nan likitan da ya fallasa sirrin majinyaci laifi ya yi da kotu ke hukuntawa, ofishin baƙi ba ya ganin abin da aka faɗa a ɗakin. Ta saurare ni tsaf, ta ce, "To ɗana, na ji." Sunanta dai na sa a layin jira na wata likita da likitar matata ta ba mu shawara, an ce mu sake kira bayan wata biyu.